Mai Amawali na Ƙarƙashin Ganye

Ɗan Naraguta:
'Yan uwa na Jos, ga tambaya na ajiye,
Wane ɗan kurmi ne mai wuyar ganowa?
Ƙafa takwas, ba gizo ba ne, ba kaska ba,
Ba ya saƙa, ba dafi, ba idon dubawa.

Malama, Unguwar Rogo:
Ƙanena, Risinulai sunansa a littafi,
Ni mai amawali nake kiransa, don dacewa.
Marfi gare shi a goshi, ya sauko kan baki,
In zai ci ya ɗage, in ya ƙoshi sai rufewa.
Ƙafa ta biyu ta fi tsawo, ita ce sandarsa,
Da ita yake laluben hanya kafin takawa.
Milimita 5 zuwa 10, galibin girmansa,
Ƙwai ɗaya uwa ke ɗauka, a amawali take ɓoyewa.
Ɗan ya fito da ƙafa shida tak,
Sai ya yi saɓa takwas ɗin ke cikawa.

Malam, Bukuru:
A 1837 masani Buckland ya ga sawunsa a dutse a Ingila,
Ya ɗauka ƙwaro ne mai ƙafa shida, bai kai ga ganewa.
A 2008 aka bayyana wani babba,
Daga Ghana, cikin kurmin Atewa.

Yaya, Tudun Wada:
Malam, hunturun Filato bai yi masa ba,
Damshi yake so, da gungume mai ruɓewa.
Kwashi ganyen ƙasa har da turɓayarsa,
Rariya mai ido santimita 1 ake tankaɗewa.
Zuba a farin faranti, ka zauna ka jira,
Mutuwar ƙarya yake yi, nan ake ruɗewa:
Ya dunƙule kamar ɓarɓashin ƙasa,
Mai gaggawa da shara yake zubarwa.
In mazurari da fitila za ka kafa don koro shi daga ganye, rage zafi,
Nawa gare shi, ya kan bushe kafin saukowa.
Ajiye shi a kwalba, a ruwan sinadarin itanol kashi 75 don nazarin siffa,
Kashi 95 in ƙwayar halitta za a cirowa.
Rubuta wuri da kwanan wata da fensir,
Tawadar biro a kwalba takan yi narkewa.

Ɗan Naraguta:
Na gode, Yaya. Malama, saura ɗaya,
Namiji da mace, ta ina ake rarrabewa?

Malama, Unguwar Rogo:
Sa shi a madubin likita, ƙirga ƙafa ta uku,
Ta namiji ƙarshenta na da kumburi da lanƙwashewa.
Da ita yake miƙa wa mace maniyyi,
Ta mace sumul take. Amma jira balagarsa,
Ƙanana ba su da wannan alamar tantancewa.