Wa ya taɓa taka bakin dutsen tsuntsaye na Kap Firehel?

Ɗan Bagalam:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ƙanena da ke karatu a Ren, can Faransa, ya matsa mini in na je ganinsa ƙarshen Satumba sai mun leƙa Kap Firehel. Wai dutse ne da ya kutsa cikin teku, tsuntsaye na ƙwai a jikinsa. Ni ruwan da na sani bai wuce Gulbin Maradi da tabkin Madarunfa ba. Waɗanda suka taɓa zuwa, ya cancanci kuɗin mota?

Ta Mokoyo:
Wa alaikumus salam Yaya. Na je lokacin da nake karatu a can. Tafiyar ba ta da tsawo, daga hasumiyar fitilar jiragen ruwa zuwa tsohuwar ganuwar For la Lat, ginin ƙarni na 14, kilomita 4 ne zuwa 5. Tsohuwar hanyar ƴan duwan ce masu tsaron gaɓa, yanzu GR34 ake ce mata, ka bi alamar ja da fari ba za ka ɓata ba.

Amma Satumba? Ka makara. Ka san yadda shamuwa ke zuwa mana gabanin damina ta yi sheƙa, in ƴaƴanta sun tashi ta tafi? Su ma haka suke, sai dai su teku suke komawa. Daga Afirilu zuwa farkon Yuli ne dutsen ke cika. Wanda na fi tsayawa kallo shi ne giyimo, baƙin baya, farin ciki, a tsaye yake zama. Ba ya sheƙa ko kaɗan. Ƙwai ɗaya tal yake sakawa a kan tsirarar baranda ta dutse wadda faɗinta bai fi tafin hannu da yawa ba, uwa da uba suna karɓa-karɓa wajen kwanci. Sun jeru kafaɗa da kafaɗa, kowa ya juya wa teku baya. Ɗan kuma yana ɗan sati uku, fukafukansa ba su gama ƙwari ba, zai faɗo daga can sama zuwa ruwa da yamma, uban ne ke tare shi su nausa cikin teku. Wannan faɗowar ban gani da idona ba, wata tsohuwa mai madubin hangen nesa ce ta ba ni labari, ta kuma bar ni na leƙa.

Baba na Limanci:
Ɗana, ni shawara ɗaya gare ni: kada ka sa babbar riga. Da ita na je, sabuwar shadda, saboda hoto. Iska ta shiga ta cika ta, sai da surukina ya riƙe ni ta baya, ga ƙasa mita 70 ruwa na dukan dutse. Hulata kuwa tana can, Allah ya sa wani kifi ya amfana. Na zauna a ƙasa ina salati, Nasaru na wucewa suna gaishe ni.

Ta Mokoyo:
Baba, Allah ya tsare gaba. Mu ma mata sai an ɗaure mayafi tamau an cusa cikin rigar sanyi.

Likita ɗan Zariya 2:
Ban je na Faransa ba, amma na taka irinsa a Ingila, Bemton, a yankin Yokshaya. Can dutsen farin alli ne, ya haura mita 100, kuma tsuntsu wajen rabin miliyan ke taruwa a lokacin ƙwai. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne wari. Kafin ka ga tsuntsu ko ɗaya hancinka ya sanar da kai: kashi ne da ƙarnin kifi, ya yi wa dutsen fari fat. Zuciyata ta manomi sai lissafi take, wannan taki duk ruwa ke wanke shi, ga gonakinmu na Jiratawa suna nema.

Babban cikinsu shi ne wanda Faransawa ke kira fu-da-Basan, in ya buɗe fukafukai ya kusa mita 2. Yana hango kifi daga sama sai ya naɗe su ya soko kai, gudun da ke kusan kilomita 100 a awa. Amma Malam, kada ka sa ran ganin sheƙarsa a Kap Firehel. A Faransa tsibirin Ruzik ne matattararsu, kuma murar tsuntsaye ta yi musu mummunar ɓarna a 2022. In ka ga mataccen tsuntsu a hanya kada ka taɓa, wannan likita ne ke magana.

Hajiya ta Sabon Gari:
Ku kuna ta Turai. Wanda bai da biza ya je Popengin a Senegal, kudu da Dakar. Gandu ne tun 1986, matan garin ne suka tashi suka sake dasa itatuwansa. Na hau dutsen Kap da Naz da takalmin silifa, ban ji da daɗi ba.

Likita ɗan Zariya 2:
Hajiya, wurin na da kyau, amma can yawanci ƴan ci-rani ne masu yada zango, ba masu jeruwa suna ƙwai a bango ba.

Hajiya ta Sabon Gari:
To, ai ni ma ban ce iri ɗaya ba ne.

Ɗan Bagalam:
Na gode ƙwarai. Matsalar ita ce tikiti ya riga ya fita, Satumba ɗin ce dai. In haƙura ke nan?

Ta Mokoyo:
A'a Yaya, je ka. Giyimo sun tafi, amma akwai baƙaƙen tsuntsayen nan masu dogon wuya da ke shanya fukafukai a kan dutsen Fokoniyer, su ba sa nisa. Wataƙila ka riski sauran furen dajin, shuɗi-ja da rawaya. Kada dai ka tsallake igiyar da aka ja a gefen hanya don ɗaukar hoto, bakin yana zaizayewa. Ka tafi da ruwan alwala a gora da abin ci, ba masu talla a hanyar.

Baba na Limanci:
Hula kuma a aljihu.