Feminicidio: me za mu kira shi da Hausa?

1/ Jama'a, masu fassara da masu karatun adabi, akwai kalmar Sifaniyanci da ya kamata mu tsayar mata da suna a Hausa: feminicidio. 'Yan Ajantina sun fi cewa femicidio. Ma'anarta kashe mace saboda kasancewarta mace. Duk mai karanta ƙagaggun labaran da matan Latin Amurka suke rubutawa a shekarun nan zai yi ta cin karo da ita.

2/ Ku duba Cometierra, wato Mai Cin Ƙasa, labarin da Dolores Reyes ta Ajantina ta fitar a 2019. Yarinya ce a wata unguwar talakawa da ke gefen Buenos Aires. In ta ci ƙasar da wani ya taka, sai ta ga abin da ya same shi. Ranar da aka binne mahaifiyarta ta ɗebi ƙasar ta ci, ta ga mahaifinta ne ya kashe ta da duka. Daga baya mutane suka riƙa ajiye mata kwalabe cike da ƙasa a ƙofar gida, kowa na neman tasa da ta ɓace. Me ya kai su wajen yarinya ƙarama? 'Yan sanda ba su nemo musu kowa ba. Nan sukar marubuciyar take, kuma nan nauyin kalmar yake.

3/ Asalinta daga Diana Russell ne, 'yar gwagwarmayar haƙƙin mata, wadda ta yi amfani da ita da Turanci, wato femicide, a wani taron mata na duniya a Brussels a 1976. Da Marcela Lagarde, masaniya 'yar Meziko, ta zo mayar da ita Sifaniyanci, da gangan ta zaɓi feminicidio, ta kuma ƙara mata abin da ta gani a ƙasarta, wato sakacin hukuma. Tun 1993 ake tsintar gawawwakin 'yan mata a Ciudad Juárez, wani birni a arewacin Meziko. Iyaye su je kai rahoto, a ce musu su koma gida, ta bi saurayi ne. A 2001 aka samu gawar mata 8 a wata gonar auduga a garin, a 2009 kuma kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar Amurka ta ɗora wa gwamnatin Meziko laifi. Don haka kalmar tana nuna mai kisan, tana kuma nuna wanda ya kau da kai.

4/ Wasu sun ce "kisan mata" ya isa. Bai isa ba. Matar da ɗan fashi ya harbe tare da mijinta a hanya, an kashe mace, amma ba wannan ake nufi ba.

5/ "Kisan gilla" yana faɗar munin kisan ne kawai, ba ya faɗar dalili, kuma namiji ma ana yi masa. "Kisan ƙare dangi" ya yi kusa da amon kalmar, amma yana da nasa aikin, kada mu taɓa shi.

6/ Wadda nake roƙon mu guje mata ita ce "kisan kishi". Ita ce za ta fara zuwa bakin mutum, domin sau da yawa mai kisan miji ne ko saurayi ko tsohon saurayi. To ai da wannan sunan ne marubutan nan suke faɗa. Da Sifaniyanci a da ana cewa crimen pasional, laifin da zafin so ya jawo. Cristina Rivera Garza, marubuciyar labarai 'yar Meziko, ta rubuta littafi a kan ƙanwarta Liliana, ɗaliba 'yar shekara 20 da aka kashe a birnin Meziko a 1990, ana tuhumar tsohon saurayinta. Littafin ya fito a 2021, ya ci kyautar Pulitzer a 2024. Wannan ba ƙagaggen labari ba ne, amma abin da ta dage a kai ya shafe mu: lokacin da abin ya faru babu sunan da za a kira shi da shi, sai wanda ke sa mutane su tambayi abin da yarinyar ta yi har ran saurayi ya ɓaci. A Hausa ma haka ne. Da zarar an ce kishi, an ba mai kisan rabin uzuri, an koma binciken halin mamaciya. Sai a 2012 Meziko ta sa feminicidio cikin dokar laifuka ta tarayya, da hukuncin ɗaurin shekara 40 zuwa 60.

7/ Wata 'yar'uwa ta kawo "kisan mallaka". Gaskiya, Yaya, kin taɓo jijiyar, domin mai kisan yana ganin mace kayansa ce. Matsalar ita ce a kunnen Bahaushe mallaka tana tuna asirin da ake cewa mace na yi wa miji. Sai ma'anar ta juye, a zaci ita ce mai laifi.

8/ "Kisan ƙin jinin mata" ya ɗauki hankalina sosai, tunda mun saba da "ƙin jinin baƙi" a rediyo. Ya zauna daidai a baki. Sai dai mutumin da ya kashe matarsa zai rantse ba ya ƙinta. Jami'in da ya jefa takardun ƙara cikin durowa shi ma ba ƙiyayya ce ta sa shi ba. Bai ɗauki ran da muhimmanci ba ne kawai.

9/ Shi ya sa na tsaya a kan "kisan wulaƙanta mata". Muna da "kisan wulaƙanci" tun da can, muna cewa an wulaƙanta rai, kenan ba baƙon gini ba ne. Ku duba alamomin da dokar Meziko ta lissafa: fyaɗe, raunuka na cin mutunci, duka ko barazana kafin kisan, tsare mace a hana ta magana da kowa, yar da gawa a bainar jama'a. Dukkansu wulaƙanci ne. Haka Fernanda Melchor ta Meziko ta buɗe labarinta Temporada de huracanes, wato Lokacin Guguwa, a 2017, da yara sun tsinci gawa a magudanar ban ruwa, a wani ƙauyen masu noman rake. Kalmar kuma ta kai har kan hukuma, domin mahaifiyar da aka ce wa 'yarki ta bi saurayi, an wulaƙanta ta, an wulaƙanta 'yarta karo na biyu.

10/ Na san ta yi tsawo, kalma uku a madadin ɗaya. Ban ga laifin haka ba, da "kisan ƙare dangi" ma haka muke yi. Ko mace ɗaya aka kashe, mu bar "mata" yadda take, domin laifin ya wuce ita kaɗai. A jimla za a ce: kotu ta same shi da laifin kisan wulaƙanta mata. Ko a ce: ran 3 ga Yuni 2015 dubban mutane sun fito a Buenos Aires da taken Ni Una Menos, wato kada a sake rasa ko mace ɗaya, suna adawa da kisan wulaƙanta mata. In karon farko ne a rubutu, a biyo da bayani, wato kashe mace don mace ce.

11/ 'Yan'uwanmu na Nijar, ku kuna jin féminicide da Faransanci a labarai. In gidajen rediyon Maraɗi ko Damagaram sun riga sun tsayar da wata kalma, don Allah ku kawo ta mu gwada ta da waɗannan jimloli biyu.