Wanda ya taɓa kwashe shafinsa daga hostin zuwa kilaud ya zo ya ba mu labari

Mai tambaya, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ke kula da shafin intanet na wata makarantar kuɗi a nan Tudun Wada, ɗalibai wajen 600, muna kan hostin ɗin haɗaka da ake biya shekara-shekara. Kullum lafiya lau, sai ranar sakin sakamako. Juma'ar da ta wuce tun tara na safe iyaye suka yi ca a kan fotal, kafin goma shafi ya tsaya cak sai lamba 508 yake nunawa wai mun cinye kasonmu, Hajiya shugabar makaranta ta kira ni ya fi sau biyar, iyaye kuma har ofis suka riƙa zuwa da waya a hannu. Wani ya ce in koma kilaud. To shi kilaud ɗin nan wani abu ne daban da hostin ko suna kawai aka canza? Don Allah wanda ya gwada da hannunsa nake son ji.

Mai shagon kwamfuta, PZ:
Wa alaikumus salam Malam. Ni ma 508 ɗin nan ya sa na tashi. Duka biyun haya kake yi a kwamfutar wani wadda ba a kashewa, wato saba. Hostin na haɗaka tamkar gidan haya ne irin na Sabon Gari, ɗaki-ɗaki, mita ɗaya rijiya ɗaya, shafuka da yawa a kan inji guda, shi ya sa mai gida ke yanka wa kowa iyakarsa don kar mutum ɗaya ya shanye ruwan. Shi kuma kilaud injina ne jibge aka haɗa, ana gutsuro maka gwargwadon buƙata, kamar mai bayar da hayar kujeru da rumfa ranar biki, baƙi sun ƙaru ka ce a ƙaro, an watse ka mayar. Amazon ne suka fito da abin sarari a 2006, ana biya da awa. Kuma ka sani da yawan masu sayar mana da hostin su ma a kilaud suka kama hayar, sai su yayyanka su sa cPanel, wato manhajar sarrafa hostin, su sayar mana da naira. Ni yanzu duk lokacin rajista ina ƙara wa injina ƙarfi na kwana uku, in an gama in rage.

Ɗalibi, Samaru:
Yaya mai shago ya yi gaskiya amma akwai inda bai taɓo ba, wato kuɗi. Lokacin furojet ɗina na buɗe inji biyu don gwaji, na gama na rufe laftof na tafi gida hutu ban san cewa mita na can tana juyawa ba, ashe ko ba wanda ya shiga shafin muddin injin na kunne ana lissafi, kai ko ka kashe shi ma faifan ajiyar ana cajinsa sai ka goge gaba ɗaya. Ƙarshen wata sai ga bil na dala 40 da wani abu, kuma a farkon 2024 ne lokacin da dala ta haura naira 1,500, alhali kafin Yunin 2023 farashin gwamnati bai kai 500 ba. Wallahi kuɗin abincina na wata ne ya tafi, ga katin naira a lokacin ba ya biyan waje sai da na nemi wani mai asusun dala. Malam in za ka shiga, tun ranar farko ka sa ƙararrawar kasafi ta turo maka saƙo in kuɗi ya kai wani mataki, kuma ka tambayi kuɗin data mai fita, shi ma daban ake cajinsa.

Hajiya mai atamfa da leshi, Sabon Gari:
Ni kam na je na dawo. Wani yaro ne ya mayar min da shafin kayana can, ya ce ya fi sauri, kuma gaskiya ya yi saurin. Sai ya tafi bautar ƙasa. Ashe can inji kawai suke ba ka tsirara, sabunta manhaja da toshe ƙofofin da masu kutse ke bi duk aikinka ne, babu wanda za ka kira ya gyara maka WordPress, manhajar da aka gina shafin da ita. Wata huɗu ba a taɓa shi ba, ranar nan wata kwastoma daga Kaduna ta turo min hoto, an cika shafina da tallan caca, kunya kamar in nutse. Na koma hostin na haɗaka, masu shiga shafina a rana ba su da yawa, cinikin ma a WhatsApp ake ƙarasawa. Ƙanena ka fara tambayar kanka wa zai kula da injin ranar da ba ka nan.

Mai aikin netwok, Kwangila:
Hajiya Allah ya kiyaye gaba. Ni abin da ya fi damuna mutane na jin kilaud sai su ɗauka a iska yake, alhali gini ne da wayoyi da janareto da na'urar sanyi. Microsoft sun buɗe nasu a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon a Cape Town a 2020, Google a Johannesburg a 2024, amma yawancin shafukanmu a Landan ko Jamus ko Amurka suke zaune. Ma'ana uban yaro na Gyallesu yana neman sakamakon ɗansa da ke Tudun Wada, saƙon sai ya gangara Legas ya bi ƙarƙashin teku ya je Turai ya dawo. Kun tuna Alhamis 14 ga Maris 2024 muna cikin azumi, da wayoyin teku suka katse ta wajen gaɓar Kwaddibuwa? Ranar shafuka biyu nake kulawa da su, na Turai da ƙyar yake buɗewa, wanda ke Legas ya fi shi motsi nesa ba kusa ba. Sannan a Maris 2021 gobara ta cinye wata cibiyar kamfanin kilaud na OVH a Strasbourg ta Faransa, waɗanda kwafin ajiyarsu ke wuri ɗaya da asalin sun yi asara. Tun daga nan duk Lahadi nake sauke kwafi in sa a faifai a aljihun teburina, kuma lokaci-lokaci ina gwada mayar da shi in tabbatar yana aiki.

Malamar firamare, Kofar Doka:
Mu ba mu koma ko'ina ba. Aji-aji muke sakin sakamako, 'yan firamare da safe, ƙaramar sakandare bayan azahar, manya bayan isha'i. Tun da muka fara haka shafinmu bai sake tsayawa ba.

Mai tambaya, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama naki zan fara gwadawa wannan zangon tunda ba sisi zan kashe ba, kwafin ajiya kuma yau ɗin nan zan sauke don rabona da yi tun bara. Malam na PZ, gobe bayan la'asar in sha Allahu zan leƙo shagon ka nuna min yadda kake ƙara wa injin ƙarfi ka rage, da kuma nawa kwana ukun ke cin maka a naira, don sai na kai wa Hajiya shugabar makaranta lissafi a takarda kafin ta yarda.