Ɗana ya daina magana tun da muka rabu da babansa

Assalamu alaikum 'yan uwa, a ɓoye sunana. Ina zaune a kudancin Shikago. Tsohon mijina baƙar fatan Amurka ne, Musulmi, shekara biyu ke nan da rabuwarmu. Ɗanmu shekararsa 15. Da can bakinsa ba ya rufuwa, yanzu daga makaranta sai ɗaki, ƙwallon kwandon ma ya ajiye, makinsa ya faɗi. Uban yana garin nan amma sai ya yi wata bai leƙo ba, ni ma gaskiya ba na ɗaga wayarsa. Yayana ya ce in tura masa yaron Kano. Me kuka gani?

Wata Hajiya: Tura shi, 'yata. Unguwar nan kin san halinta. A gida ga kawu ga kaka, ido ya yi masa yawa.

Wata daga Bronx: Hajiya, ki yi haƙuri. Yaron da ko gaisuwa bai iya da Hausa ba? Zai ɗauka korarsa aka yi, uba ya tafi, uwa ma ta yar da shi. 'Yar uwa, ke kika faɗa da bakinki, ba kya ɗaga wayar uban. To ta ina zai leƙo?

Wani malamin makaranta: A 2018 wani masanin tattalin arziki, Raj Chetty, da abokan aikinsa sun bi bayanan miliyoyin yaran Amurka. Sun gano samari baƙar fata sun fi samun ci gaba a unguwannin da iyaye maza baƙar fata suke zaune da iyalansu da yawa, ko da uban yaron kansa ba ya gidan. Wato maza nagari a kusa da shi yake buƙata, kuma ba sai an je Kano ba. Ki tambayi makarantarsu ko suna da shirin Becoming a Man, a Shikago aka fara shi, samari ke zama da mai ba da shawara duk mako. Shirun nan kuma kada ki ce ƙuruciya ce kawai, ki sa likitansa ya duba ko ciwon damuwa ne. In ya taɓa maganar cutar da kansa, ki kira 988, layin agajin gaggawa na masu tunanin kashe kansu a Amurka, nan take.

Mai tambaya: Na gode. Maganar 'yar Bronx ta yi min zafi, amma jiya na kira uban. Ya ce zai zo ranar Juma'a ya ɗauke shi su je masallaci, daga nan su wuce wurin aski. Yaron dai bai ce komai ba, sai na ga ya fito da takalmansa yana gogewa.