Maɓallan kakin soja na lokacin ƙarancin tagulla: yaya kuke gane su, yaya kuke adana su?

Baban Ummi: Jama'a, sallama. A Yaƙin Duniya na Biyu tagulla ta koma wajen yin kwanson harsashi, sai Ingila da Amurka suka koma yin maɓallai da roba, Jamus kuma tutiya da baƙin ƙarfe mai fenti. Irin waɗannan sun fi na tagulla saurin lalacewa. Kowa ya kawo abin da ya gwada.

Malam Na-Bakin-Kasuwa: Fara da maganaɗisu. In ya kama, baƙin ƙarfe ne. In bai kama ba, launinsa toka-toka, kuma da ɗan nauyi, tutiya ce. Alminiyom ba shi da nauyi, shi Jamusawa suka fi amfani da shi kafin ƙarancin ya tsananta. Tutiya tana fitar da farin gari in ta sha danshi. A share da busasshen buroshi mai laushi, a shafa kakin zuma kaɗan. Kada a kusanto da lemun tsami, yana cin ƙarfen, fentin ma ya tafi.

Maman Sadiq: Na roba, a murza da yatsa har ya yi ɗumi, a sansana. Robar da ake kira Bakelite warin magani take yi, wadda ake kira seluloyid kuma ƙamshin kafur. Don Allah a bar gwajin soka wa maɓalli allura mai zafi. Tana barin tabo, seluloyid kuwa yana iya kamawa da wuta nan take. Kuma a ware shi daban, domin in ya fara ruɓewa, iskar da yake fitarwa tana sa na ƙarfe tsatsa.

Malam Na-Bakin-Kasuwa: Gaskiya ne Hajiya. Shi ya sa rufaffen gwangwani bai dace ba.

Ɗan Agadas: Kun manta na ƙwallon 'ya'yan itace. Akwai na tagua, ƙwallon wata bishiya dangin goruba daga Kudancin Amurka, akwai na ƙodagon goruba, wanda Italiyawa suka riƙa sarrafawa daga Eritriya. Rini a fatar waje kawai yake tsayawa, don haka a duba cikin hudar da gilashin ƙara girma, za a ga fari-fari. Ba a jiƙa su, kumbura suke yi su tsage. Bushewar hunturu ma tana tsaga su, kada a ajiye kusa da taga.

Baban Ummi: Madalla. Ni a kan kwali marar asid nake ɗaure kowanne da zaren auduga, ba waya ba, in rubuta abin da aka yi shi da shi a bayan kwalin. Wa ya gwada tsabtace na matsattsiyar takarda?