Neman shawara: yadda zan raba maganar baki da maganar zuci a cikin labari

Tambaya daga wata marubuciya a Daura:

Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa. Ina rubuta gajeren labari da nake fatan aikawa gasar Hikayata, wadda BBC Hausa ta fara a 2016. Akwai wurin da amarya take gaishe da uwar mijinta, bakinta yana faɗin abu ɗaya, zuciyarta tana faɗin wani. Na sa maganar baki a cikin alamar zance mai ƙwaya biyu, ta zuci kuma a cikin mai ƙwaya ɗaya, amma yayata da ta duba mini ta ce ta kasa gane inda tunanin ya fara da inda ya ƙare. Don Allah wace hanya ce ta fi dacewa?

Amsa daga wani malamin Hausa a Katsina:

Wa'alaikumus salam, 'yata. Yayarki ta faɗi gaskiya, kuma dalilin yana cikin ƙa'idar rubutunmu. Alamar nan mai ƙwaya ɗaya ta riga ta sami aiki a Hausa, domin da ita muke rubuta hamza a kalmomi irin su sa'a da ma'ana, kuma da ita muke fara 'ya'ya da 'yar uwa. Dubi sunan Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua kawai, ki ƙirga sau nawa ta fito. Idan tunanin amaryar shi ne 'ya'yanta ne kawai 'ya'ya a gidan nan, kika kuma kewaye shi da wannan alama, to mai karatu zai tarar da alamu biyu jere a farkon jimla, sannan duk wadda ya ƙara cin karo da ita zai ɗauka an rufe zancen ke nan.

Shawarata ita ce ki bar alamar zance mai ƙwaya biyu ga abin da kunne ya ji kaɗai, tunani kuma ki bar kalmomi su nuna shi, tunda muna da kalmomi irin su a ranta da a zuci. Ga misali:

"Ina kwana, Inna? An tashi lafiya?" in ji Binta, tana durƙushe a bakin ƙofa.

"Lafiya lau. Sai yanzu gari ya waye a ɗakinki?"

Binta ta sunkuyar da kai. A ranta ta ce, tun asuba nake tsaye a madafa, amma ba wanda ya gani.

"Ki yi haƙuri, Inna."

Ki lura cewa duk lokacin da mai magana ya sauya, na buɗe sabon sakin layi, shi ya sa ban bukaci faɗin wanda ya yi maganar ƙarshe ba.

Amsa daga wani mai tace rubutu a maɗaba'a:

Malam, ina tare da ku a kan hamza, sai dai ina ganin rubutun tsutsa, wato haruffa masu karkata, yana da amfaninsa wajen nuna tunani idan littafi za a buga, domin yana sauƙaƙa wa ido, kuma yana hana maimaita a ranta a kowane shafi. Sharaɗin kawai shi ne marubuciya ta tsaya a kan tsari ɗaya daga farkon labari har ƙarshensa.

Amsa daga wata marubuciya a Ƙofar Ƙaura:

Ƙanwata, ki yi la'akari da inda labarin zai je kafin ki dogara da rubutun tsutsa. A WhatsApp sai an sa ƙaramin layin ƙasa a gaba da bayan jimla kafin ta karkata, kuma idan aka kwafe labarin zuwa wurin da bai san wannan tsari ba, karkatar takan ɓace, a bar mai karatu da layukan kawai. Mu da labaranmu suke yawo daga waya zuwa waya, hanyar Malam ta fi mana kwanciyar hankali.

Abin da na fi so ki kula da shi kuma shi ne zuciyar wa kike buɗewa. Idan ta idon Binta muke kallon wannan gaisuwa, kada ki tsallaka cikin ran Inna a layi na gaba, domin daɗin wurin yana ga rashin sanin abin da tsohuwar take nufi. Ki nuna mana ita ta waje: yadda ta ƙi ɗago kai daga tsinar shinkafa, ko yadda ta jinkirta amsa gaisuwar.

Marubuciyar Daura ta sake tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Malam, idan tunanin ya yi tsawo har ya kai jimla huɗu ko biyar fa?

Malamin ya amsa:

To a nan ki daina sa shi a bakin Binta da kalmomi irin su na da nake, ki mayar da shi ga mai ba da labari, kamar ki rubuta cewa ta tuna tun asuba take tsaye a madafa, kuma ba wanda ya gani. Jimlar da ta fi zafi kaɗai za ki bari da muryarta, ki ajiye ta dab da amsar da za ta ba Inna.