Teloli sun yi yawa a layinmu, ya zan yi kar kwastomomi su ƙare?

Tela_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗinkin maza nake yi a Kano, da can ni kaɗai ne a layinmu amma yanzu yara sun buɗe shaguna gaba da baya, wasu har da injin aikin kwamfuta mai yin surfani a jikin riga, kullum suna zuba hotuna a Instagram, tsofaffin kwastomomina sai dai mu gaisa a hanya. In rage kuɗin ɗinki ne ko yaya? Abin na damuna wallahi.

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Malam kar ka rage ko sisi, tun da aka cire tallafin fetur a 2023 man janareta kaɗai ya isa ya cinye riba. Ni ke kai ɗinkin yarana, kuma abin da ke raba mu da tela saɓa alkawari ne, mutum ya sayo shaddarsa mai tsada a Kantin Kwari a ce masa ranar Alhamis, ya yi ta sintiri har jajiberin Sallah ba a ko yanka ba. In azumi ya raba tsakiya ka daina karɓar kaya kawai.

Baba Mai Surfani:
Gaskiyarki Hajiya. Ɗana, ga abin da zan ƙara maka. Duk rigar da aka dawo da ita gyara ka rubuta dalili a littafin awonka, wuya ne ya matse, hannu ne ya yi tsawo, ko aljihu ne ya karkace, ƙarshen wata ka duba za ka ga abu ɗaya ne ke ta maimaituwa, shi za ka kama ka zauna da yaranka sai ya gyaru sannan ka koma na gaba. Kuma ka riƙa juya riga ka duba cikinta kafin guga, zare na reto ko maɓalli na rawa shi ke korar mai kuɗi, ba zai ma faɗa maka ba. Awon bara kuma kar ka dogara da shi, jiki na canzawa.

Tela_Fagge:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. To aikin kwamfutar fa? Ba ni da kuɗin injin.

Baba Mai Surfani:
Ba sai ka saya ba, masu injin suna karɓar aikin wuyan riga daga teloli, ka yanka ka kai musu su buga ka dawo ka haɗa. Ka dai fara gwada su da yadi mai araha tukuna.